Wane Makau ne Ya Saki Lauratu?

Sunan da aka raɗa masa Mu'awiya, amma in ka shiga Dareta kana cigiyar Mu'awiya sai ka gaji ka koma inda ka fito. Makau kowa ya sani. Innarsa ta haife shi ana maka ruwa, irin ruwan da kwaɗi da kansu suka nemi tudu, wanzamin da ya zo ranar suna ma sai da aka ɗauko shi a wuya kamar buhun gero. Ni ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, wato bawana ne tun kafin ya yi haƙori, ko da yake shi ma haka yake faɗa a kaina. Don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ɗina ne.

Tun yana yaro Allah Ya jarrabe shi da ciwo biyu, sanyin rai da rashin iya ƙarya. Sanyin ran ya kai in kaza ta hau tabarmarsa shi ke matsa mata. Ni na sa masa Ruwan Randa, sunan ya bi shi har kasuwar Anka. Rashin iya ƙaryar ya fi muni. An taɓa ba shi tunkiya ya kai kasuwa, mai saye har ya kama igiya, sai Makau ya dafa hannunsa ya ce, "Tsaya dai, bawan Allah. Tana tari da asuba, kuma ƙafar ga ta baya ba ta cika taka ƙasa ba." Tare suka dawo gida da tunkiyar, tana tari yana ba ta haƙuri. Kawu, mahaifinsa, ya rantse ko gishiri ba zai ƙara aikensa saye ba.

Wannan mutumin ne Lauratu ta gani ta ce ta ji ta yarda. 'Yar wani ƙauye ce ta wajen Bukkuyum, doguwa, mai dariya da ƙarfi, bakinta ya fi injin niƙa sauri. In ta fara magana da hantsi, Makau kan samu damar cewa "to" wajen azahar. Suka zauna lafiya, ƙauyen duk ana misali da su. Allah Ya ba su Zayyad, bayan shekara biyu Ya ƙara musu Muhsina. Gero da dawa yake nomawa, da ɗan wake a gefe, in rani ya yi ya ɗauki fasinja a babur ɗin wansa.

Sai zinari ya fito.

Ba a taɓa ganin hauka irin na waɗannan shekarun ba. Mutum ya bar garma a tsakiyar kunya ya ɗauki diga. Baƙi suka cika gari, wasu ko gaisuwarmu ba su iya ba. Maza na shiga rami su fasa dutse, a cika buhu, a niƙa ya zama gari, a wanke, a kama zinarin da zaiba. Matan aure ba sa zuwa bakin rami, to sai aikin ya bi su har ɗaki. Kowane magidanci kan kawo wa matarsa nata dutsen, ta daka a turmi, ta tankaɗe, abin da ya fito nata ne. Wanda bai kawo ba ana kiransa marowaci.

Lauratu sau ɗaya ta faɗa. "Malam, matan unguwar ga duk suna daka, ni kaɗai ka zaune awa baƙuwa." Washegari Makau ya shigo da buhu a kafaɗa, yana murmushi har kunne. Ya zaɓo mata mai kyau, wanda ke da ƙyalli a jiki. A turmin da take surfe ta daka shi, in ta gama ta wanke turmin tas ta zuba gero. Ƙurar ta kwanta a kan randa, a kan tabarma, a kan gashin idon yara. Muhsina na rarrafe a ciki tana tsotsar yatsu. Da yamma Makau kan dangwali garin ya ɗiga wa Zayyad a goshi ya ce, "Ga ɗan zinarina." Yaron ya ruga yana nuna wa kakarsa.

Da bazarar shekara ta dubu biyu da goma yara suka fara amai, sai shiɗewa, ido ya kafe sama, jiki na jijjiga. Wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska ce ta fito daga ramukan da aka tona. Aka yi turare, aka sha rubutu. Muhsina ta tafi ranar Talata. Kwana tara tsakani Zayyad ya bi ta. Masu haƙa kabari suka daina mayar da diga gida, sai su jingine ta a bakin maƙabarta don sun san gobe za a dawo. Kaburburan kuwa duk gajeru, ka tsallake su da taki ɗaya.

Daga baya likitoci suka zo da motoci suka ɗebi jinin yara, suka ɗebi ƙasar gidaje. Suka ce ba iska ba ce, dalma ce a cikin dutsen, guba ce mai shiga jini ta hau kai. Makau yana tsaye a bayan taro lokacin da tafinta ya faɗi haka. Ya dubi ɗan yatsansa na dama, ya daɗe yana dubansa.

Aka kankare ƙasar gidajenmu kamar wanzami na aske ƙeya. Aka loda ta a mota aka kai bayan gari aka binne, aka kawo wata sabuwa ja aka shimfiɗa. Turmin Lauratu ma ya bi motar. Inna Asma, mahaifiyar Makau, ta kama ƙyauren ɗakinta tana kuka, don a bayan ɗakin nan ta binne cibiyarsa ranar da ta faɗi. Ma'aikatan suka yi ta rantse mata ba su yi zurfin da za su kai can ba, ba ta saurare su ba. Har ta rasu ba ta ƙara taka tsakar gidan ba takalmi ba. Takan ce, "Sun kwashe min ɗa cikin mota. Wanga da sunka bari, ban san ko wane ne ba."

Da farko mun ɗauka ruɗin tsufa ne.

Makau ya koma aikin dutse, wannan karon Bagega, bakin injin niƙa a wajen gari. Mutane suka yi ta mamaki. Shi dai ya gane nan kaɗai ne ba a yi masa ta'aziyya, ƙarar injin ba ta barin kowa ya ce masa ya haƙuri. Daga baya da gonakin nesa suka gagari zuwa saboda mutanen daji masu bindiga, ba ma wanda ya ƙara tambayarsa dalili. Yakan ɗaure hanci da tsumma, ya yi wanka a rafi, ya sauya tufa kafin ya shigo gida. Ƙwayar dutse ɗaya bai ƙara shigowa da ita ba. Amma wadda ya shaƙa ta riga ta samu masauki.

Ciwon kai ya fara, sai murɗar ciki, sai rawar hannu. Ya sa hula ya neme ta tana kansa. Sannan fushi. Mutumin da kaza ke kora daga tabarma ya koma in ya shigo layi karnuka na shiga gida su ja ƙyaure. Na gan shi da idona yana zagin jaki har jakin ya sunkuyar da kai don kunya. Ya yi faɗa da mai shayi, ya yi da ladan, ya yi da inuwarsa wai ta cika binsa. Na sauya masa suna na ce Garwashi. Ranar da ya fara ji ya bi ni da taɓarya har bakin masallaci, taubashinsa guda, wanda ko ubansa na zaga a al'ada dariya ya kamata ya yi.

Saki na farko a kan miya ne, wai ba gishiri. Kafin tukunya ta huce ya mayar da Lauratu yana kuka kamar an yaye shi. Na biyu a kan rediyo, bayan shekara biyar, Zuhura tana goye, ita ce 'yar da Allah Ya ba su bayan waɗancan. Shi ma bai kwana ba ya mayar. Saura igiya ɗaya, kowa a unguwar ya san lissafin.

A tsakanin nan Lauratu ta raka shi Anka a kan ciwon cikin. Wani malamin asibiti ya duba shi, ya ji irin aikin da yake yi, ya ce mata dalma ba yara kaɗai take ci ba, babba ma tana sa shi mantuwa da saurin fushi, har a ga kamar an sauya shi. Ya rubuta a takarda. Lauratu ta naɗe takardar a leda ta sa a ƙasan kwalla, tare da ɗan kunnen Muhsina. Daga ranar ta samu abin riƙewa. In ya fasa ƙwarya, ta tsince ta ce, "Ba shi ba ne, dalma ce." In ya sayo mata tsire ya ajiye shiru a bakin gado, ta ce wa maƙwabciya, "Yau mijina ya leƙo."

Da farko maganar ta yi wa Makau daɗi, kamar an sauke masa kaya. Sannu a hankali ta fara cinsa. In ya yi alheri an ce ya leƙo, in ya yi tsiya an ce ba ya nan. To shi da ke tashi kullum da asuba ya yi alwala, ya hau babur, ya ji yunwa, ya ji kai na sara, shi wane ne? Ɗan haya? Yakan zauna a bakin injin yana neman tsohon Makau a cikinsa, kamar mai laluben aljihu. Abin da yake tararwa kullum ɗaya ne, wani mutum mai murmushi da buhu a kafaɗa.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar ya dawo daga Bagega. Zuhura, lokacin tana da shekara shida, na zaune gindin darbejiya da gwangwanin madara tsakanin ƙafafunta. Ta tsinto tsakuwa ta zuba, tana daka da guntun kara, tana 'yar waƙa irin ta mata masu daka. Tsakuwar gida ce, ba ta rami ba, ko makaho ya san haka. Lauratu na gefe tana sheƙar gero tana yi mata dariya.

Makau ya tsaya a bakin zaure. Ya ture babur ya faɗi. Ya shuri gwangwanin ya haura katanga, yarinyar ta ƙwalla ƙara. Ya juya kan Lauratu.

"Ke! Biyu ba su ishe ki ba? Ta ukun kika so ki kashe?"

Faifan ya suɓuce daga hannun Lauratu. Shekara goma sha uku ba wanda ya taɓa furta wannan a gidan, ko da wasa.

"Malam, wasa takai. Tsakuwa ce."

"Tahi gidanku. Na sake ki."

Ta bayan katanga mata uku suka ji, kuma a ƙauyenmu mata uku sun fi lasifikar masallaci. Kafin magariba ko jariri ya san igiyar Lauratu ta ƙare.

Ita ba ta yi kuka ba. Ta koma gidan maƙwabta da Zuhura, ta aika a kira wanta Sufyanu daga gida, ta ciro takardar nan daga kwalla. Ta ji a wajen karatun mata cewa sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya sakuwa. Aka sa ranar Asabar da hantsi a zauren Malam Sharu, limamin unguwarmu.

Ranar Juma'a bayan an sauko na ja Makau gefe na koya masa karatu. Na ce, "Bawana, abu ɗaya za a tambaye ka, ka ce ba ka sani ba. Ka ce duhu kag gani. Ka ce ka ga sama ta dawo ƙarƙashin ƙafarka, ka ga akuya na tuƙa babur. In ma ba ka iyawa, ka yi shiru ka zazzare ido, ni in yi bayani." Ya ce to. Na sa ya maimaita sau uku. Ya maimaita kamar mai haɗiyar maɗaci.

Zauren Malam ƙarami ne. Malam na kan buzu, Sufyanu a dama da fuska kamar an aiko masa mutuwa, ni da Makau a hagu. Lauratu na bayan asabarin ƙofar cikin gida, ƙafafunta kaɗai ake gani. Malam ya karɓi takardar ya juya ta, ya ba Sufyanu ya karanta, shi ma ya juya ta. Rubutun malaman asibiti ne, ko su sai sun yi istihara suke gane shi.

Sufyanu ya ce, "Allah gafarta Malam, ni abin ya ɗaure man kai. In da hankalinai, ta saku. In babu hankalinai, ƙanwata za ni bari hannun mahaukaci?"

"Yaya, ni ka zama da shi, ba kai ba," in ji Lauratu daga bayan asabari. "Na san mijina. Wanda yay yi maganar nan ba shi ba ne."

Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce takarda ta nuna akwai ciwo, bai musa ba, amma takarda ba ta gidan ranar Alhamis. "In hushi ya kai mutum bai san sama da ƙasa ba, bai san abin da bakinai ka hwaɗi ba, babu saki. In ko ya sani, ko zuciya na tahwasa, ya saku. Wanga ba wanda ka iya shaidarsa sai mai shi. Mu'awiya."

Makau bai ɗago ba. Ya manta da shi ake, rabon da a kira shi haka tun ranar ɗaurin aure. Na zungure shi.

"Mu'awiya, ba ni sa ka rantsuwa. Tsakaninka da Allah, sa'ad da kay yi maganar nan, ka san sama da ƙasa?"

Kalma uku ce, ban sani ba. Suna nan a bakinsa, ya ji nauyinsu a kan harshe. Amma Alhamis ɗin ta dawo masa tsaf. Ya tuna gwangwanin, har da tsatsar bakinsa. Ya tuna kaza mai ɗigo-ɗigo da ta ruga ta cinye geron da ya zube. Ya tuna inuwar darbejiya ta kai bakin rijiya, abin da ke nuna la'asar ta yi nisa. Ya tuna kafin ya buɗe baki ya duba cikinsa ya nemi maganar da ta fi kowace zafi, ya same ta inda ya ɓoye ta shekara goma sha uku, ya ɗauko. Kuma ya san ta uku ce. Ya ƙirga.

"Malam, in yi tambaya?"

"Yi."

"An ce dalma ta yi magana, ba ni ba. To, ran da nik kawo dutsen gida, babu dalma kaina. Lahiyata lau. Kowa na yabona. Wancan wa za mu ce?"

Ƙafafun da ke bayan asabari suka matso.

"Ni nid daka," in ji Lauratu. "Ni nir roƙa, ni nid daka, ni nit tankaɗe. In laifi ne mu raba. Maigida, don Allah ka ce ba ka sani ba. Ka dubi Zuhura."

Na taka masa ƙafa har sai da nawa yatsun suka yi zafi. Na buɗe baki zan fara labarin akuya da babur, Malam ya harare ni na haɗiye.

Makau ya ɗago ya dubi Malam.

"Na san sama, Malam. Na san ƙasa. Na san Alhamis ce. Ni ne."

Malam Sharu ya rufe ido ya yi salati. Ya ninke takardar yadda take, ya miƙa ta bayan asabari. An daɗe kafin hannu ya fito ya karɓa.

Da azahar Sufyanu ya samo mota mai zuwa wajen Bukkuyum. Kayan ba yawa, kwalla, tabarma, buhun tufafi, da sabon turmin da aka saya bayan an tafi da wancan. Zuhura ta zauna a kan buhun tana tambaya ko Baba zai biyo su da babur. Makau na tsaye nesa, jikin katanga. Lauratu ba ta dube shi ba. Ni ta kira, ta ce in matso, idonta a bushe ƙayau.

"Ka tuna tunkiyar da kake ba mutane labari?"

Na ce na tuna.

"Shekara goma sha uku ina jiran mai tunkiyar nan ya dawo gida. Yau da hantsi na ji muryatai." Ta gyara mayafi. "Ka ce mishi ya riƙa shan ruwa da yawa, haka malamin asibiti yac ce."

Motar ta tashi.

Yanzu shekara biyu ke nan. Makau ya bar injin don hannun ya daina riƙe buhu. Yana sayar da rake a bakin hanya, kuma ba ya ciniki, don duk sandar da ka ɗauka sai ya gaya maka inda tsutsa ta shiga. Ba ya faɗa da kowa. Mutane na cewa Ruwan Randa ya dawo, ni kuwa na ce ba dawowa ya yi ba, wanda zai yi wa tsawar ne babu. Duk ƙarshen wata yakan aika wa Zuhura rake da sabulu. An ce Lauratu ta samu masu nema, har yau ba ta tsayar da kowa ba. Da ma ko ta so dawowa babu hanya sai ta auri wani.

Sai da na yi wata shida kafin na iya isar masa da maganarta. Na same shi yana fere rake, na zauna na ci sanda guda ban biya ba, sannan na faɗa masa, har da zancen tunkiyar. Na zaci zai ji sanyi.

Ya ci gaba da fira, ɓawon na zuba a kan ƙafarsa.

"Haka tac ce?"

"Wallahi haka, bawana. Wannan karon ban ƙara ko gishiri ba."

"Ni ban sani ba," ya ce. "Wata rana in ga kamar tsoron Allah ne yas sa ni. Wata rana in ga kamar Garwashin ne, ya duba gidan ya ga saura abu ɗaya bai ƙone ba." Ya ɗago ya dube ni. "Kai da kas sa muna sunayen duka biyu, wane ne cikinmu yay yi magana zauren Malam?"

Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba tun da aka yanke min cibiya, na yi ta tauna rake har ya koma tsumma a bakina. Wani mai babur ya tsaya ya ɗauki sanda mai kauri. Makau ya karɓe ta daga hannunsa, ya juya ta, ya nuna masa wajen gaɓa ta uku.